Jawabin Renan na 1883 Kan Musulunci da Kimiyya: Sake Duban Hujjojinsa

Ran 29 ga watan Maris 1883 Ernest Renan ya yi jawabi a jami'ar Sorbonne ta birnin Paris a kan dangantakar Musulunci da kimiyya, kashegari kuma jaridar Journal des Débats ta buga shi. Jawabin ba shi da tsawo, mutum na iya karance shi a zama guda, amma ya yi rassa fiye da manyan littattafai da yawa. Akwai waɗanda suka yi karatun lakkol suka gaji ra'ayinsa ba su taɓa jin sunan mai shi ba, akwai kuma waɗanda suka tashi mayar masa da martani suka gaji tambayarsa yadda ya ɗora ta, ba su tsaya sun duba ko daidai aka ɗora ta ba. Wannan maƙala za ta bi hujjojin jawabin, domin abin da ke ƙarƙashinsu ya shafi masu tsara karatu kai tsaye, watau mene ne ke sa ilimin kimiyya ya yi albarka a wata ƙasa ya bushe a wata, kuma mene ne rabon harshe da falsafa da addini a ciki.

Abin da jawabin ya ƙunsa

Renan ba baƙo ba ne a fagen. An haife shi a 1823, ya yi karatun zama limamin Katolika har ya bari a 1845, a 1852 ya wallafa nazarinsa a kan Ibn Rushdi, a 1855 kuma ya fitar da littafinsa na tarihin harsunan Samawa, watau dangin Larabci da Ibrananci da Suryananci. Saboda haka mutanen da suka saurare shi sun ɗauki maganarsa a matsayin hukuncin gwani.

Ya yarda cewa daga wajen shekara ta 775 zuwa tsakiyar ƙarni na 13 babu inda ilimi ya kai ƙasashen Musulmi. Amma ya ce wannan ilimi na Yunanawa da Farisawa ne, Larabci riga ce kawai aka sa masa, kamar yadda malaman Turai suka daɗe suna rubutu da Latin alhali su ba Rumawa ba ne. A cewarsa, cikin manyan masana falsafa na wancan zamani Alkindi kaɗai ne Balarabe. Ya ce ilimin ya tsiro ne sa'ad da addini bai riga ya yi ƙarfi ba, ƙarƙashin halifofi irin su Ma'amun, da malaman addini suka rinjaya wajen shekara ta 1200 sai fitilar ta mutu, ba a bar wa ilimin falaki wuri ba sai ɗan abin da ake bukata don gane alƙibla. Game da Musulmin zamaninsa kuwa, babbar shaidar da ya kawo ita ce wata wasiƙa da ya ce wani alƙalin Mosul ya rubuta wa Baturen Ingila Layard, inda alƙalin ke nuna ba ruwansa da ƙidayar mutanen gari ko tarihinsa. Labari ne mai daɗin ji a zauren jami'a. Sai dai wasiƙa guda ba ta isa a yanke wa al'ummai hukunci da ita tun daga Maroko har Indiya ba, kuma abin mamaki ne mutumin da ke yi wa mutane wa'azin bin hujja ya gamsu da irin wannan shaida. Ya kamata kuma a tuna da lokacin da aka yi maganar: Faransa ta kama Tunusiya a 1881, Ingila ta kama Masar a 1882.

Martanin da ya fi shahara shi ne na Jamaluddin Al'afgani, wanda yake zaune a Paris a lokacin, aka buga a wannan jarida ran 18 ga Mayu 1883. Ya rusa maganar jinsi da kyau. Ya ce abin da ke raba al'ummai harshe ne, in kuwa za a bi asalin kakanni to sai Faransa ta mayar wa Italiya da Mazarin da Bonaparte. Amma a kan addini ya sakar wa Renan fiye da yadda masu yabonsa suke so a faɗa, gama ya yarda cewa kowane addini yana takura wa tunani, kuma rigima tsakanin addini da falsafa ba za ta ƙare ba. Watau su biyun sun haɗu a kan cewa kimiyya da falsafa abu guda ne, kuma addini yana gefe guda yana jan igiya. Wannan haɗuwa ita ce wurin da ya fi bukatar bincike.

Maganar harshe

Cewa Larabci riga ce kawai magana ce da ba ta dace da masanin harshe ba. Wanda ya taɓa ƙoƙarin fassara darasin lissafi zuwa harshen da ba a saba koyar da shi a ciki ba ya san aikin ya wuce sauya riga. Hunain ɗan Ishaƙa, Kirista mutumin Hira wanda ya rasu a 873, ya bar wasiƙa inda ya lissafa littattafan Jalinusu 129, ya faɗi wanda ya fassara kowane, da wanda aka fassara dominsa, da inda fassarar ta yi rauni. Ya ba da labarin yadda ya bi ƙasashen Iraƙi da Sham da Falasɗinu da Masar yana neman wani littafi guda, bai samu ba sai wajen rabinsa a Dimashƙa. Yakan tara kofe da yawa na littafi ɗaya ya gwada su kafin ya fara fassara. Wannan shi ne ainihin aikin tace matani da Renan da abokansa suke alfahari da shi a ƙarni na 19.

Kalmomin kuwa daga bakin mutane aka ɗauko su. Sa'ad da Alhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara wajen shekara ta 820, abin da ba a sani ba ana neman sa sai ya kira shi da kalmar da ke nufin abu ko saiwa, in an ninka shi a kansa kuma ya kira shi da kalmar da ke nufin dukiya. Ita kanta kalmar jabaru ɗori take nufi, irin na karaya. Inda babu kalma sai a ara: kalmar Indiyawa ta tsarkiyar baka ta shiga Larabci a lissafin kusurwa, daga baya aka karanta ta kamar kalmar da ke nufin wuyan riga, mafassaran Turai suka juya ta zuwa Latin a kan wannan ma'ana, ga ta nan har yau yaran lakkol suna haddace ta da sunan sinus. Harshen da ya yi wannan aiki har Bafarise da Bature da Bayahude da Basabi'e suka iya jayayya a cikinsa tun daga Ƙurɗuba har Buhara, shi ne babban kayan aikin ilimin, kuma gina shi aka yi da hannu cikin kamar shekara 200, da kuɗin halifofi da wazirai da attajirai, da taimakon takarda wadda aka fara yi a Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 8.

Ko a kan ƙidayar jinsin ma Renan ya yi sake. Halilu ɗan Ahmad, wanda ya tsara ƙamus na farko na Larabci ta hanyar lissafa dukan yadda za a iya jujjuya baƙaƙen saiwar kalma, ya kuma fitar da ma'aunan waƙa, Balarabe ne na ƙabilar Azdu. Amma ba a nan nauyin maganar yake ba. Abin lura shi ne hujjar da aka yi wa Larabci a 1883, cewa akwai harsunan da aka halitta domin tunani mai zurfi da waɗanda ba a halitta domin haka ba, ita ce aka ɗauko aka yi wa harsunan Afirka a makarantun mulkin mallaka.

Bayan shekara ta 1200

Ginin Renan duka ya tsaya a kan wannan shekara. In ilimi ya mutu daidai lokacin da malaman addini suka yi rinjaye, to zarginsa yana da ƙafa. Binciken da aka yi a rubuce-rubucen hannu tun daga tsakiyar ƙarni na 20 ya nuna akasin haka, musamman a ilimin falaki, wanda shi ne ya ce an rage shi zuwa neman alƙibla.

A 1259, shekara guda bayan Mongol sun rusa Bagadaza, aka fara gina gidan auna taurari a Maraga, ƙarƙashin Nasiruddin Ɗusi, wanda malamin tauhidi ne kamar yadda yake malamin lissafi. Matsalar da shi da abokansa suka sa gaba tsohuwa ce. Ibn Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya riga ya rubuta littafi sukutum na shakku a kan Batlamiyus, yana nuna cewa wasu dabarun lissafinsa suna ba da amsa daidai amma ba za a sami jiki na gaske da zai yi irin motsin da suke nufi ba. Ɗusi ya ƙago dabarar da'ira biyu, ƙarama tana juyawa cikin babbar da ta ninka ta, wadda ke fitar da motsi miƙaƙƙe daga motsin kewaye. Almajirinsa Ƙuɗubuddin Shirazi ya ci gaba da aikin, almajirin Shirazi kuma, Kamaluddin Farisi, ya koma kan littafin Ibn Haisam na gani da haske, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya mai da shi kamar ɗigon ruwan sama, ya bi hanyar haske a cikinsa har ya bayyana yadda bakan gizo ke fitowa. Malami, almajiri, almajirin almajiri, kowa yana gyara na gabansa. A wannan ƙarni ne kuma Ibn Nafis, likita kuma malamin fiƙihun Shafi'iyya wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya saɓa wa Jalinusu da Ibn Sina ya ce babu kafa a bangon da ya raba zuciya biyu, jini ta huhu yake bi.

Misalin da ya fi kowane tsaya wa Renan a wuya shi ne na Ibn Shaɗir, wanda ya rasu a 1375. Aikinsa shi ne kula da lokutan salla a babban masallacin Umayyawa na Dimashƙa, watau daidai irin ma'aikacin da jawabin ya rena. Tsarin Batlamiyus na wata yana da aibi wanda ko makiyayi zai iya ganewa in an bayyana masa: bisa lissafinsa nisan wata daga ƙasa yana sauyawa har kusan ninki biyu, da haka ne kuwa da an ga farin wata yana kumbura yana motsewa ƙwarai, alhali ba ya yi. Ibn Shaɗir ya gyara wannan. A 1957 Victor Roberts ya nuna cewa tsarin wata na Ibn Shaɗir da wanda Kopernik ya buga a 1543 ɗaya ne a lissafi, dabarar Ɗusi ma tana cikin littafin Kopernik. Har yanzu masana suna muhawara a kan hanyar da waɗannan dabaru suka bi suka isa Turai, ko kuwa sake gano su aka yi, amma babu mai cewa ilimin ya mutu a 1200. A Samarƙandi Alkashi ya fitar da adadin kewayen da'ira bisa faɗinta har gurbi 16 a 1424, Ulug Beg kuma ya bar jadawalin taurari 1018.

Ba za a zargi Renan da rashin karanta abin da ba a riga an tono ba. Bayanin Ibn Nafis ma sai a 1924 wani likita Bamisre ya ci karo da shi a laburaren Berlin. Abin zargi shi ne ya mai da iyakar abin da ya sani ta zama iyakar abin da ya faru. Shekarar da ya zaɓa ta yi kusa da rasuwar Ibn Rushdi a 1198, ta kuma yi kusa da lokacin da mafassaran Andalus suka rage juya littattafan Larabci zuwa Latin. Abin da ya tsaya a lokacin shi ne karatun Turawa na waɗannan littattafai.

Falsafa daban, kimiyya daban

Kalmar da Renan ya yi amfani da ita ta haɗa abubuwan da malaman wancan zamani suka rarrabe. Hausa ma ta rarrabe su: akwai ilimi, wanda ya game kome, akwai hisabi, akwai falsafa, akwai kuma kimiyya, kalmar da asalinta sunan sana'ar juya ƙarafa ce kafin a faɗaɗa ta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ake yawan ɗora wa laifin kashe ilimi, ko da yake wanda ya karanta littafinsa na rushe masana falsafa zai ga mas'aloli 20 ya tattauna, ya kafirta su a 3 kawai: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikuna. Babu lissafi ko likitanci a ciki. A gabatarwar littafin ya kawo misalin husufi, ya ce wanda ya ƙaryata bayanin masana a kansa da sunan kare addini ya cuci addinin, domin wanda ya iya lissafa lokacin husufi ba zai yi shakkar lissafinsa ba, sai dai ya yi shakkar mai musun. Ya sa likitanci da hisabi cikin farillan kifaya, ya kuma shigar da manɗiƙi cikin usulul fiƙihi.

Inda aka fi kama shi shi ne mas'ala ta 17, ta wuta da auduga, inda ya ce ido yana ganin ƙuna tare da haɗuwarsu ne kawai, bai ga wajabci ba, Allah ne mai aikatawa bisa al'adar da ya gudanar. Ibn Rushdi ya amsa cewa wanda ya musanta sababi ya musanta ilimi. Amsa ce mai nauyi, kuma ba a raba gardamar ba har yau. Sai dai a aikace mai auna taurari bukatarsa ita ce al'adar ta ɗore, ba ya bukatar ya san ko wajibi ce. Har ma akwai inda ra'ayin Gazali ya buɗe ƙofa: Ali Ƙushji, wanda ya tashi a Samarƙandi ya rasu a Istambul a 1474, ya ce ilimin falaki ba ya bukatar ya jingina da ilimin ɗabi'a na Arisɗo, lissafi da dubawa sun ishe shi, saboda haka zaman ƙasa wuri guda ba abu ne da aka tabbatar ba.

A ɗaya gefen kuma, gwarzon Renan, watau Ibn Rushdi, tsananin biyayyarsa ga Arisɗo ya sa ya ƙi tsarin Batlamiyus don ya saɓa wa ƙa'idar malaminsa, tsarin da Albiɗruji ya kawo a madadinsa a Andalus kuwa ya dace da falsafa amma bai iya faɗin inda tauraro zai kasance ba. Haka a Italiya: Cremonini, babban malamin falsafar Arisɗo a jami'ar Padua, wanda shi kansa kotun cocin ta tuhuma, ya ƙi leƙa madubin Galileo. Falsafa ta yi wa kimiyya amfani sa'ad da ta ba ta tambaya mai wuya, kamar tambayar Ibn Haisam. Sa'ad da ta ce amsar tana cikin littafi tun tuni, ta zama taƙalidi kamar kowane taƙalidi. Addini kuma, ban da abin da ya hana, ya yi ta ba masana aiki: rabin littafin Alhawarizmi na ƙarshe a kan wasiyya da rabon gado yake, Albiruni kuma ya rubuta littafinsa na auna nisan garuruwa a 1025 yana neman, cikin wasu bukatu, alƙiblar Gazna.

Inda Renan yake da gaskiya

Masu mayar da martani sukan wuce wannan wuri da sauri, bai kuwa kamata ba. An kashe Suhrawardi a Halab a 1191. An kori Ibn Rushdi daga Ƙurɗuba a ƙarshen rayuwarsa, an ƙona littattafan falsafa. Ibn Salah, babban malamin hadisi wanda ya rasu a 1245, ya ba da fatawar haramta manɗiƙi. Kuma tazarar da Renan ya gani a 1883 tsakanin Paris da Alƙahira ta gaske ce. Tambayar ita ce daga ina ta fito.

Akwai gidaje biyu da aka gina kusan lokaci guda waɗanda kwatanta su zai taimaka. A 1576 Tycho Brahe ya fara gina gidan auna taurari a wani tsibiri na Danmak. A 1577 Taƙiyuddin ya kammala nasa a Istambul da izinin Sarki Murad na 3, kayan aikinsu kuma sun yi kama ƙwarai. A wannan shekara tauraro mai wutsiya ya fito, Taƙiyuddin ya fassara shi da cewa alamar nasara ce, sai annoba da wasu masifu suka biyo baya, Shaihul Islam ya kai ƙara wurin sarki, a 1580 aka rusa gidan. Ga shi nan malamin addini yana da hannu, kamar yadda rigimar fada take da hannu, da kuma kuskuren masanin da ya sayar da duba a madadin awo. Tycho ma ya rasa gidansa sa'ad da sabon sarki ya janye masa kuɗi. Bambancin shi ne awon da ya tara na shekara 20 bai ɓace ba, ya faɗa hannun Kepler, shi kuwa da ya ga lissafinsa na tauraron Mirrihu ya saɓa wa awon da daƙiƙa 8 na kusurwa, watau kamar rubu'in faɗin wata a ido, sai ya yar da da'irar da aka riƙe shekara 2000, ya buga sakamakon a 1609. Maɗaba'a ta watsa littafin, wanda ke Ingila ya karanta abin da aka auna a Danmak ya ɗora nasa. A 1665 aka fara fitar da mujallun masana a London da Paris. A Istambul kuwa sai a 1729 maɗaba'ar Ibrahim Mutafarriƙa ta fitar da littafinta na farko, littattafai 17 kawai ta buga a zamaninsa. Maraga ba ta daɗe ba bayan masu ginin ta, gidan Samarƙandi ya lalace bayan an kashe Ulug Beg a 1449. Kowane gida rayuwarsa tana ɗaure da goyon bayan sarakuna.

Game da takurawa kuwa, Renan ya ɗora ta a kan imani, alhali tarihi ya fi nuna ta a wurin mai iko da ya yanke wa bincike sakamako tun kafin a yi shi. Ma'amun da jawabin ya yaba, shi ne a 833 ya kafa jarrabawar tilasta wa malamai ra'ayin masu bin hankali, wadda a cikinta aka ɗaure Imam Ahmad ɗan Hambali aka kuma yi masa bulala a zamanin magajinsa. Cocin Roma ta hukunta Galileo a 1633. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet, wadda ba ta yarda da kowane addini ba, ta haramta ilimin gadon halitta a 1948 don goyon bayan Lysenko, bayan babban masanin tsirrai Vavilov ya mutu a kurkuku a 1943, ilimin da ta haramta kuwa wani malamin coci ne, Mendel, ya aza harsashinsa a 1865 da gwajin wake a lambu.

Akwai kuma wata amsa ga Renan da ta yaɗu tun bayan littafin likita Maurice Bucaille na 1976, wadda ke neman sakamakon binciken zamani a cikin nassi. Niyyar masu yin ta a fili take. Amma ta karɓi ma'aunin Renan ne ba ta sani ba, tun da ta mai da kimiyya alƙalin da zai ba addini shaida, kuma ta ɗaure abin da mumini ya riƙe tabbatacce ga abin da masana ke iya sauyawa gobe. Ba ta kuma aika kowa ɗakin gwaji. Georges Lemaître, limamin Katolika wanda ya kawo ra'ayin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, bai ji daɗi ba sa'ad da Paparoma Pius na 12 ya nemi mai da ra'ayin hujjar halitta a 1951, ya kuma nemi a daina. Gargaɗinsa bai yi nisa da na Gazali a kan husufi ba.

Abin da ya shafi ƙasar Hausa

Jawabin ya sa Musulmin Afirka cikin hukuncinsa ba tare da ya kawo sunan ko mutum guda ba. Da ya bincika da ya sami Muhammadu Alkatsinawi, Bafillace mutumin Katsina, wanda ya yi hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin marubucin tarihin nan na Masar. Ya bar littafi a kan tsara hatimi, watau gidajen lambobi da jimlarsu ke zama ɗaya ta kowace fuska, kamar mai gida 9 da ke ba da 15. Da ya sami Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubutu a kan falsafa da tarihi. Amma jera sunaye kirari ne, kirari kuwa ba ya amsa tambayar. Lissafin da ke cikin hatimi na gaske ne, ƙa'idojin cika gidajensa ana iya koyar da su a aji. Abin da ya hana shi haihuwa shi ne an riƙe shi a matsayin asiri, malami ya ba almajirin da ya yarda da shi a ɓoye, ana auna ingancinsa da biyan bukata. Ilimin da ba a baje shi a fili ba babu mai gano kuskurensa, balle ya ɗora a kansa.

Abdu Mumuni, masanin kimiyya haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana kuma jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya kafa hujja a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka cewa makarantar da ke koyarwa da harshen da jama'a ba su ji ba ƴan kaɗan za ta fitar, ta bar saura. Taron Bamako na 1966 ya daidaita baƙaƙen rubutu, a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Doka tana ba harshe matsayi, amma ba ta sa shi ya iya ɗaukar darasin haske ko na wutar lantarki. Wannan aikin masu fassara ne da malaman aji. Kwamitocin ƙirƙirar kalmomi sukan ɗauka aikinsu ya ƙare in sun fitar da jerin kalmomi, alhali ba a san kalma ta zauna ba sai an ga yaro ya warware matsala da ita, ko manomi a ajin yaƙi da jahilci ya yi gardama da malamin gona a kan awon taki da ita, sa'an nan a komo a gyara wadda ta ƙi. Littafin Uƙlidis na handasa, Hajjaju ɗan Maɗar ya fassara shi a zamanin Haruna Rashid, ya sake fassara shi a zamanin Ma'amun, daga baya Ishaƙa ɗan Hunain ya yi sabuwar fassara, Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya bi ta ya gyara da wasu kofe na Yunananci a gabansa.